Yadda Ake Shirya Sabar Rumbun Bayanai a Kaduna, da Yadda Ake Duba Lafiyarta

Babban kemis ne a titin Ahmadu Bello, ko makarantar kuɗi a Barnawa, ko asibiti a Unguwar Rimi, matuƙar ma'aikata da dama na shiga manhaja ɗaya lokaci guda, to akwai wata kwamfuta a wani ɗaki da ke riƙe da komai: rasit, bashi, sakamakon jarrabawa, katin majiyyata. Ita ce sabar rumbun bayanai. Masu saye sukan fara tambayar ƙarfin furosesa, amma a garin nan ba ƙaramar furosesa ke kashe saba ba. Abubuwa huɗu ne ke yi mata illa: wutar da ke ɗaukewa tana tsakiyar rubutu, zafi, faifan da ya cika ba wanda ya lura, da kwafin ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da shi ba. Da wannan jerin ya kamata ka raba kuɗinka. Misalan da ke ƙasa na manhajojin rumbun bayanai biyu ne, PostgreSQL da MySQL, a kan tsarin aiki na Linux, da ɗan bayani ga masu SQL Server.

Wuta tukuna

Ba kowane abu ne rumbun bayanai ke rubutawa a faifai nan take ba. Yana riƙe shafuka a RAM, yana kuma rubuta kowane canji a wani kundi na dabam kafin ya ce wa manhaja "na adana". A PostgreSQL sunan kundin WAL, a MySQL kuma redo log. In wuta ta ɗauke, da kundin nan yake gyara kansa idan ya tashi. Hakan na aiki, amma sai in faifan ya faɗi gaskiya a kan abin da ya rubuta, kuma ba dabara ba ce a riƙa jarraba shi sau biyar a rana.

Ka fara da lissafi. Auna abin da sabar ke ja da mitar soket. A ce saba na jan wat 150, rauta da suwic suna jan 50, jimilla 200. Batir ɗaya mai 12V da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda. In na dalma ne, rabi kawai ya kamata ka sha idan kana so ya daɗe, wato 1,200. Inbata za ta ci kusan kashi 15 cikin ɗari, saura wajen 1,000. Awa biyar ke nan. Batir biyu, awa goma. Wannan lissafin kuma bai haɗa da firij ko firinta ko tukunyar shayin da wani zai jona ba, don haka sabar ta samu layinta ita kaɗai, a rufe soket ɗin.

Ko da inbata da sola, sai ka sa UPS tsakanin saba da bango, domin a daƙiƙun canja layi daga NEPA zuwa janareta ne ake yawan asara. Wajen sayen UPS ka lura da abu uku. VA ba wat ba ne: mai araha da aka rubuta wa 1000VA yakan ɗauki wat 600 ne kawai, kuma kada ka ɗora masa fiye da kashi 70 na wannan. Na biyu, wutar da yake fitarwa ta zama pure sine wave, don akwatin wutar saba na zamani yakan ƙi ɗaya nau'in ya mutu daidai lokacin da aka koma batir. Na uku, in janaretanku ƙarami ne mai hawa da sauka, UPS na talaka zai yi ta ƙara yana ƙin karɓar wutarsa har batir ya ƙare alhali janareta na aiki. Maganin wannan shi ne nau'in online, wanda kullum daga batir yake ba saba wuta, shi kuma ya ji da abin da ke shigowa.

Sannan ka haɗa UPS da saba ta wayar USB, ka girka NUT ko apcupsd, don in batir ya kusa ƙarewa sabar ta rufe kanta cikin natsuwa. Da NUT, umarnin `upsc` zai nuna maka `ups.status`: OL yana nufin ana kan wutar gari, OB ana kan batir, LB batir ya kusa mutuwa. A BIOS kuma ka kunna saitin da ke sa kwamfuta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, in ba haka ba sai wani ya taso daga Rigasa da sassafe don danna maɓalli ɗaya.

Da damina kuma akwai tsawa. Ginin ya kasance da sandar ƙasa ta gaskiya, mai lantarki ya auna ta, ba a ce maka "akwai" kawai ba. In za ka haɗa gini biyu, kada ka ja wayar netwok ta tagulla a sararin sama. Ka ja faiba, domin ita ba ta ɗaukar lantarki.

Ɗakin da za ta zauna

Iskar da ke shiga saba an fi so ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. A Maris da Afrilu Kaduna kan haura 35, ɗaki mai kwano ba sili kuma ya fi haka. In ba halin na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, nemi ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma, ka sa fanka mai fitar da iska, ka ɗaga sabar daga ƙasa, ka bar mata aƙalla taku ɗaya a baya. Batir ma zafi na cinsa: na dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri goma a kan 25, shi ya sa batirin UPS ke mutuwa da wuri a nan. Da hunturu ƙura ce matsalar. Ka kashe sabar ka hure ta da abin hura iska a farkon hunturu da ƙarshensa, kana riƙe da fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa. Umarnin `sensors` zai nuna maka zafin furosesa. In ka ga yana zama sama da 80 ba tare da wani aiki mai nauyi ba, buɗe ka duba.

Faifai, RAM, sannan furosesa

A faifai kada ka yi rowa. Tsohon faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana zagayawa sau 120 ne a daƙiƙa, don haka adadin rubutun da zai iya tabbatarwa a daƙiƙa bai wuce wajen nan ba. SSD na yin dubbai. Amma SSD ma iri-iri ne. Na laftof yakan riƙe rubutu a 'yar ƙwaƙwalwarsa, in wuta ta yanke kafin ya sauke, abin da ke ciki na iya tafiya. Na saba yana da ƙananan kafasito da ke ba shi damar ƙarasa rubutu bayan wuta ta yanke. A takardar bayaninsa nemi PLP, wato sunan wannan kariyar. A wurin da wuta take kamar tamu, gara SSD mai 480GB da PLP da mai 2TB marar shi.

Ka sayi biyu iri ɗaya ka haɗa su RAID 1, kowanne madubin ɗan'uwansa, ta yadda in ɗaya ya mutu aiki bai tsaya ba. A Linux `mdadm` ya isa. In saba ce 'yar gwanjo mai katin RAID, duba batirin katin, don sau da yawa ya daɗe da mutuwa. Faifan da suka zo da ita kuma kada ka amince da su sai ka ga `smartctl -a` ya nuna awannin da suka yi suna aiki.

Girman faifai da lissafi ake fitar da shi. A ce kemis na fitar da rasit 2,000 a rana, kowanne da layukansa da fihirisarsa, wato jerin da rumbun ke bi don saurin nemo shi, ya ci 2KB. Wannan 4MB ne a rana, kusan 1.5GB a shekara. Rubutu ba ya cin wuri. Hotuna ke ci: fasfo na ɗalibai 5,000, kowanne 200KB, ya kai 1GB shi kaɗai, balle takardun da aka yi wa sikanin. Irin waɗannan a ajiye su a folda, rumbun ya riƙe adireshinsu kawai. Ka lissafa girman shekara uku, ka ninka biyu aƙalla, saboda sake gina babban tebur yana buƙatar fili kamar girman teburin, ga kundin WAL, ga fayilolin wucin gadi. Bayanan rumbun su zauna a ɓangaren faifai nasu na dabam, da ext4 ko XFS, don kada log ɗin wata manhaja ya cika wuri ya kwantar da rumbun.

A RAM ƙa'idar ita ce bayanan da ake taɓawa kullum, tare da fihirisarsu, su shige ciki gaba ɗaya. Ga ofis mai mutum 20 zuwa 50 da rumbun da bai kai 20GB ba, 16GB ya wadatar. 8GB zai yi in sabar ba ta yin wani aiki. In da hali, RAM ɗin ya zama ECC, wanda ke gano kuskuren ƙwayar bayani ɗaya ya gyara. Ba tare da shi ba, lamba na iya canjawa a RAM a rubuta ta a faifai a haka, ba wanda zai sani. Kafin ka girka komai, bar memtest86+ ya kwana yana gudu.

Furosesa mai ƙwaya huɗu ta ishi irin wannan ofis.

Tsarin aiki kuwa, ɗauki wanda ake ba wa gyaran tsaro na dogon lokaci, kamar Ubuntu 24.04 LTS ko Debian. Kowane babban bugu na PostgreSQL shekara biyar ake kula da shi. MySQL 5.7 an daina kula da shi tun Oktoban 2023, don haka kada a ɗora sabon aiki a kansa. Masu manhajar da ta zo da SQL Server Express su san cewa har bugun 2022 iyakar rumbu ɗaya 10GB ce, kuma ba ya amfani da abin da ya wuce kusan 1.4GB na RAM wajen riƙe shafuka, ko da ka zuba 64GB. Ranar da ya kai iyakar, rubutu ya tsaya.

Saitin farko bayan girkawa

Saitin da rumbun ke zuwa da shi an yi shi ne don ya tashi a kan kowace ƙaramar kwamfuta. Sai ka gyara.

A PostgreSQL, cikin `postgresql.conf`, sa `shared_buffers` kashi ɗaya cikin huɗu na RAM, wato 4GB a saba mai 16GB. `effective_cache_size` kuma 10GB zuwa 12GB. Wannan ba ya kama RAM, yana dai sanar da rumbun abin da zai sa rai da shi. A `work_mem` mutane ke faɗawa rami. Yana zuwa a 4MB, sai wani ya mai da shi 64MB don rahoto ya yi sauri, bai san cewa kowane haɗi ne ke ɗaukar nasa ba, wani lokaci ma sau biyu ko uku a tambaya ɗaya. Haɗi 100 sau 64MB ya kai 6.4GB. Ka tsaya a 8MB zuwa 16MB, mai buga babban rahoto a ɗaga masa nasa shi kaɗai. `max_connections` yana zuwa a 100. In manhaja ta fara kukan haɗi ya ƙare, kada ka mai da shi 1,000, ka sa PgBouncer a gaba ya riƙa raba 'yan kaɗan. Ka sa `log_min_duration_statement` a 1000 don a rubuta duk tambayar da ta wuce daƙiƙa ɗaya, ka kunna `pg_stat_statements`, ka kuma tabbata an kunna checksum na shafuka, wanda ke gano shafin da ya lalace; `SHOW data_checksums;` zai gaya maka.

A MySQL babban saitin shi ne `innodb_buffer_pool_size`. Yana zuwa a 128MB kacal, kuma saba da yawa suna shekaru a haka ana zagin kwamfutar. Ka ba shi kashi 50 zuwa 70 na RAM in sabar ta rumbun ce kaɗai. `innodb_flush_log_at_trx_commit` da `sync_binlog` su zauna a 1. Za ka ga masu ba da shawarar a canja su, ko a kashe `fsync` a PostgreSQL, wato saitin da ke tabbatar da rubutu ya sauka a faifai, don ƙarin sauri. Saurin gaskiya ne, amma farashinsa shi ne rasit ɗin da aka ce an adana ya ɓace in wuta ta yanke, a batun `fsync` ma rumbun gaba ɗaya na iya lalacewa. A Kaduna wannan ba abin taɓawa ba ne.

Akwai abin da ya shafe mu musamman: haruffa. In an ƙirƙiri rumbu da latin1, wanda shi ne na asali a MySQL 5.7, to ƙ da ɗ da ɓ da alamar ₦ ba su da gurbi. Ko dai rumbun ya ƙi karɓa, ko Ɗanladi ya koma ?anladi, kuma ba a iya dawo da harafin daga alamar tambaya. Ka ƙirƙiri rumbun da utf8mb4 a MySQL, UTF8 a PostgreSQL, sannan ka gwada da hannunka: shigar da suna mai ƙugiya ta cikin manhajar, ka nemo shi, ka buga shi a rasit.

Agogo ma a daidaita shi. `timedatectl set-timezone Africa/Lagos`, a girka chrony, a canja ɗan batirin CR2032 na kan allon uwa in sabar tsohuwa ce. In ya mutu, duk sanda wuta ta yanke sabar za ta tashi da kwanan wata na shekarun baya, ta yi ta buga shi a kan rasit.

Ƙofar rumbun, 5432 a PostgreSQL, 3306 a MySQL, 1433 a SQL Server, kada ta taɓa fuskantar intanet. Akwai na'urorin da ba su da aiki sai zagaye suna ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi. A buɗe ta ga kwamfutocin ofis kaɗai, reshen Zariya ko Kafanchan ya shigo ta VPN. Manhaja kuma a buɗe mata asusunta mai iyakantaccen iko, ba `postgres` ko `root` ba.

Kafin bayanan gaske su shiga, yi gwaji biyu. Gudanar da `pg_test_fsync` a kan faifan. In faifai mai juyawa ya ba ka dubbai a daƙiƙa, to wata ƙwaƙwalwa ce ke amsawa a madadinsa, kuma in ba ta da batir, hatsari ne. Na biyu, sa wani ɗan shiri ya yi ta rubuta lambobi a jere cikin tebur yana nuna ta ƙarshen da aka tabbatar, sai ka zare wayar wutar sabar kanta. Kunna. Rumbun ya tashi da kansa? Lambar ƙarshe tana nan? Maimaita sau da yawa. Yau ne kaɗai wannan gwajin ba zai ci maka komai ba.

Dubawar kowace safiya

Fitila kore a gaban saba ba shaidar lafiya ba ce. Minti goma da safe, kafin layi ya taru a kanta, sun isa a bi waɗannan.

Fara da `pg_isready` ko `mysqladmin ping`. Su dai suna nuna rumbun na amsa sallama ne kawai. Don ka san yana iya rubutu, ƙirƙiri ƙaramin tebur mai layi ɗaya, cron, mai gudanar da aiki a kan lokaci a Linux, ya riƙa sabunta lokacin da ke ciki kowane minti. In ka duba ka ga lokacin ya tsaya tun ƙarfe uku na dare, ka san sa'ar da matsala ta fara.

Sai `df -h`. A kashi 80 ka fara neman dalili, a kashi 90 ka ajiye duk abin da kake yi. Duba `df -i` ma, domin ƙananan fayiloli masu yawa kan cinye inode, wato guraben da faifai ke rajistar fayiloli, alhali fili na nan. In wuri na cika da sauri fiye da yadda kasuwa ke tafiya, galibi ɗayan uku ne: log da ba a juyawa, tsofaffin kwafin ajiya da aka bari a faifai ɗaya da rumbun, ko kundin rumbun kansa. A PostgreSQL foldar `pg_wal` tana kumbura ne idan umarnin kwashe kundin yana faɗuwa, wanda za ka gani a `failed_count` na `pg_stat_archiver`, ko kuma an bar replication slot, wato gurbin da ke riƙe wa saba ta biyu kundin har ta karɓa, na wata sabar da aka daina amfani da ita. Duba `pg_replication_slots`, duk wanda `active` ɗinsa ke false yana tare fayiloli masu 16MB ɗaya bayan ɗaya har faifai ya cika. Ka goge slot ɗin in ba a buƙatarsa, ka sa iyaka da `max_slot_wal_keep_size`. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne shiga `pg_wal` a goge fayil da hannu. A da sunan foldar `pg_xlog`, mutane suka yi ta ɗaukarta log ce suna gogewa suna kashe rumbunansu, har aka canja sunan a bugu na 10 a 2017. A MySQL ma haka: `PURGE BINARY LOGS` ake amfani da shi, `ibdata1` kuma ba a taɓa shi.

Daga nan `free -h` da `vmstat 5`. Kada layin free ya tsorata ka, Linux na amfani da RAM ɗin da ke zaune wajen riƙe fayiloli. Layin available ne abin dubawa. A `vmstat` ka kalli `si` da `so`: in ba sifili ba ne a kai a kai, sabar na kwashe RAM zuwa faifai, kuma daga nan jinkiri ke farawa. Rage `vm.swappiness` daga 60 zuwa 10 na taimakawa, amma in RAM bai isa ba, bai isa ba. Nemi kalmar `Out of memory` a `dmesg -T`. In ka same ta, Linux ne da kansa ya kashe rumbun don ya ceci kwamfutar, kuma mafi yawa `work_mem` ne ko yawan haɗi ya jawo.

Sai waɗanda ke ciki. A PostgreSQL:

`SELECT pid, state, now() - xact_start AS tsawo, left(query, 60) FROM pg_stat_activity WHERE xact_start IS NOT NULL ORDER BY xact_start;`

Wanda ya fi ɓarna shi ne mai `idle in transaction` na awanni. Yakan faru idan akawu ya buɗe rasit bai rufe ba ya tafi sallah, ko netwok ya yanke a tsakiya. Yana riƙe da makullin layuka, sauran kantoci su tsaya cak, kuma yana hana autovacuum, mai share tsofaffin layuka, aiki. Ka cire shi da `pg_terminate_backend(pid)`, ka sa `idle_in_transaction_session_timeout` a minti goma ko sha biyar. Kada ka yi masa `kill -9`, don PostgreSQL zai yanke kowa da kowa ya sake tashi. A MySQL `SHOW FULL PROCESSLIST` ne, da `KILL` da lambar haɗin.

In akwai saba ta biyu mai bin sawu, duba tazararta a `pg_stat_replication`, ko `SHOW REPLICA STATUS` a MySQL, inda layukan IO da SQL dole su ce Yes su biyun. Ƙarshe, karanta log na jiya, kana neman ERROR, FATAL, PANIC, da duk maganar checksum ko shafin da ya lalace. Ka kuma tabbata kwafin ajiyar daren jiya ya fito, girmansa ya yi kusa da na shekaranjiya. Kwafin da ya faɗo daga 900MB zuwa 20KB ba kwafi ba ne.

Ta mako da ta wata

Kowane mako ka tambayi faifan lafiyarsu. `cat /proc/mdstat` ya nuna `[UU]`. In ka ga `[U_]`, ɗaya ya fita, kana tafiya da ƙafa ɗaya, kuma sabar ba za ta yi ƙara ba sai in ka saita ta. A `smartctl -a`, lambobi 5, 197 da 198 su ne na sassan da suka lalace ko ake zarginsu. In sun tashi daga sifili suna ƙaruwa, sayi sabo tun kafin ya mutu. A NVMe ka kalli Percentage Used da Media Errors. `iostat -x 5` a lokacin cunkoso zai nuna `r_await` da `w_await`. A SSD bai kamata su wuce 'yan milisakan ba. In suna zama a 20 ko 50, akwai magana.

Duba ko RAM na ɗaukar nauyin karatu. A PostgreSQL kwatanta `blks_hit` da `blks_read` a `pg_stat_database`; a rumbun ciniki ana so kashi 99 ya fito daga RAM. A MySQL kwatanta `Innodb_buffer_pool_reads` da `Innodb_buffer_pool_read_requests`. Kafin ka ce RAM ya yi kaɗan, duba tambayoyi biyar mafi cin lokaci ka gudanar da `EXPLAIN` a kansu. Sau da yawa fihirisa ɗaya ce babu a kan lambar waya ko kwanan wata, rumbun yana karanta layi miliyan don ya nemo guda. MySQL ba ya ɗaukar tambaya a matsayin mai jinkiri sai ta kai daƙiƙa 10, don haka kunna `slow_query_log` ka sauko da `long_query_time` zuwa 1.

PostgreSQL ba ya goge tsohon layi nan take idan an canja shi, autovacuum ne ke bi yana sharewa. A `pg_stat_user_tables` duba `n_dead_tup` da `last_autovacuum`. Matattun layuka su yi yawa, shara kuma ta kwana biyu ba ta bi ta kan teburin ba, to wani abu na tare ta. Kada ka kashe autovacuum don wai yana cin ƙarfi. Sau ɗaya a wata gudanar da `SELECT datname, age(datfrozenxid) FROM pg_database;`. Lambar, wadda ke nuna nisan da shara ta rage a baya, takan yi yawo ƙasa da miliyan 200 ko kusa da haka. In ta doshi biliyan ɗaya, nemi dalili a ranar, domin kusa da biliyan biyu rumbun zai daina karɓar rubutu don ya kare kansa. Masu SQL Server kuma su riƙa gudanar da `DBCC CHECKDB` don gano lalacewa a cikin rumbun.

UPS ma a gwada shi duk wata: kashe wutar da ke shiga, ka riƙe agogo, ka rubuta mintin da ya ɗauka. Ranar da ya sauko rabin na farko, batir ya gama.

Kwafin ajiya

RAID ba ya maye gurbinsa. In wani ya goge teburin bashi bisa kuskure, faifan biyu za su goge tare. Kwafe foldar rumbun yana cikin aiki ma ba ya yi, abin da za ka samu rabi tsoho ne rabi sabo. A PostgreSQL yi amfani da `pg_dump -Fc`, ka haɗa da `pg_dumpall --globals-only`, in ba haka ba za ka dawo da bayanai babu asusun masu shiga. A MySQL, `mysqldump --single-transaction --routines --events`. Kwafin dare yana nufin za ka iya rasa cinikin yini guda. In hakan ya fi ƙarfinku, sai a haɗa da `pg_basebackup` da kwashe WAL, ko binlog, kundin canje-canje na MySQL, wanda ke ba da damar komawa daidai mintin da ya gabaci ɓarna.

Kwafi ya zama uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Gobara ko ɓarawo ba sa bambanta saba da faifan da ke kanta. Na wajen a kulle shi da `gpg` kafin ya fita, a ajiye mabuɗin a wani wuri dabam. Bayanan majiyyata da na ɗalibai amana ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya tara su.

Sau ɗaya a wata, ɗauki kwafin jiya ka dawo da shi a wata kwamfutar: `createdb gwaji`, sannan `pg_restore -d gwaji` da sunan fayil. Ƙirga layukan manyan tebura, nemo rasit na ƙarshe na jiya, ka jona manhajar ka shiga. Rubuta tsawon lokacin da aikin ya ci, domin shi ne amsar da za ka ba maigida ranar da ya ce, "Injiniya, yaushe za mu dawo aiki?"

Dubawar safiya duk ana iya miƙa ta ga Zabbix ko Prometheus, ko ɗan shirin cron mai turo saƙo ta Telegram. Sai dai sabar da ta mutu ba ta aika saƙon cewa ta mutu. Don haka ka sa ta riƙa aika alama kowane minti biyar zuwa wata na'ura a wajen ofis, ita kuma ta kira ka idan alamar ta yanke. Saƙon ya je wayar mutum biyu, kuma rautar da zai bi ta kasance a kan UPS ɗaya da sabar.